Tukunyar da Ba Ta Zauna Ba

Mai Giya ake ce masa, kuma har matarsa ta koma ga Allah ba ta yafe wa wanda ya laƙaba masa sunan nan ba. Mutumin da ko lemon kwalba sai an matsa masa yake sha, a ce duk inda ta shiga sai an nuna ta an ce ga matar Mai Giya. Ta yi bayani har ta gaji, giyar mota ce ba ta kwalba ba. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce in dai mai mota zai gane garejinsa da sunan, to a kira shi da abin da ya fi haka ma.

Garejin ba wani abin a zo a gani ba ne. Rumfar kwano ce jingine da bayan wani dogon gini, da rami ɗaya na shiga ƙarƙashin mota, da teburin ƙarfe wanda baƙin mai ya riga ya zama fatarsa, da sarƙar ɗaga inji rataye a sama. Amma a nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa, a nan furfura ta same shi. Giyabos, wato akwatin giyar mota, shi kaɗai ya sani, ya kuma san shi ciki da waje. Zai warware shi a kan tsohon buhu, haƙori-haƙori, ya bar shi a baje ya tafi cin abinci, ya dawo ya mayar da komai mazauninsa yana hira, ko kallon hannunsa ba ya yi.

Sai dai fa giyar hannu, mai kuloci. Da motocin otomatik suka fara cika titi, ya ɗauke su abin raini. Motar malalata yake ce musu. In an kawo masa ɗaya ko bonet ba ya buɗewa, sai ya nuna hanya da sifana ya ce a yi gaba. Cikin waɗanda suka koyi aiki a hannunsa akwai wanda ya fi kowa basira, ana ce masa Dogo. Wata rana ya zo ya durƙusa ya ce yana so ya je ya koyi aikin otomatik. Mai Giya ya ce ya je, Allah ya ba da sa'a, amma kada ya ƙara faɗa wa kowa cewa a wajensa ya koyi riƙe sifana. Maganar ta yi nauyi, shi ma ya sani. To amma ranar da ake rabon taurin kai, da babban kwano Mai Giya ya je. Shekaru suka shuɗe, Dogo ya buɗe nasa garejin, gaisuwa kawai ke haɗa su in sun yi kiciɓis.

Mutum ɗaya ne a duniya yake juya shi yadda ya ga dama, shi ne ƙaninsa. Auta ake ce masa, har ya yi jikoki bai rabu da sunan ba. Yana rarrafe mahaifinsu ya rasu, don haka a hannun yayansa ya tashi, cikin ƙarar guduma da warin fetur. Mai Giya ya yi iya yinsa ya mai da shi bakanike, abin ya ƙi. In aka tura shi ƙarƙashin mota ya kwance noti, sai a tarar da shi a kujerar direba yana murza sitiyari yana kukan inji da baki. Daga ƙarshe yayan ya haƙura ya koya masa tuƙi. Auta ya zama direban haya, na dogon zango, ya kuma daɗe da mota ɗaya, wata tsohuwa mai ruwan toka, wadda ya san halinta fiye da yadda ya san halin 'ya'yansa.

Faɗansu ɗaya ne, kuma ba ya tsufa. Auta yana da ɗabi'ar ɗora ƙafar hagu a kan kuloci ko ba zai canza giya ba, saboda haka kuloci ba ya daɗewa a motarsa. Duk sanda ya kawo ta gyara, Mai Giya zai zaro faifan da ya cinye, ya ɗaga masa a fuska.

"Dubi aikinka. Wannan ƙafar taka ta hagu, wata rana sai na kwance ta na ajiye a kan tebur, ka riƙa zuwa kana aro."

"To Yaya, in ka kwance ka sa mata giris kafin ka mayar, ta fara ƙara," in ji Auta, yana dariya yana cin gyaɗar da ya tsinta a aljihun rigar yayan.

Wasa ne, kowa ya san wasa ne. Amma ranar da Mai Giya ya tsaya a bakin gadon asibiti ya ga zanen rufa ya kwanta shafal daga gwiwar hagu zuwa ƙasa, maganar nan ce ta fara faɗo masa, har ya ji kamar bakinsa ne ya jawo. Ciwon suga ne. Wata 'yar ƙusa ce ta huda takalmin Auta, bai ma ji ba, ya ci gaba da taka kuloci har ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Likitoci suka ce ko ƙafa ko rai.

Auta ya dawo gida da ransa, amma kamar ba shi ba. Mutumin da ba a jin bakin kowa in yana wuri, ya koma kwanciya yana fuskantar bango. Abinci sai matarsa ta yi da gaske yake taɓawa. Motar tana ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, ya hana a rabu da ita, ya kuma hana a buɗe ta. Mai Giya kan rufe gareji da yamma ya je ya zauna a kujerar roba kusa da gadon, ya ba da labarin wanda ya kawo mota da wanda ya yi gardama, bayan Auta kawai yake gani. Bai iya lallashi ba, bai taɓa koya ba. Gyara ya iya, ga shi kuwa abin da ya lalace ba na sifana ba ne.

Wata yamma da ya gaji da magana shi kaɗai, sai ya ji bakinsa ya ce, "Ai motar otomatik ba ruwanta da ƙafar hagu. Totur da birki ne kawai, duk na dama ne."

Gadon ya yi ƙara, Auta ya juyo.

"Yaya, kai ne da bakinka? Motar malalata?"

"To yanzu kai mene ne? Mutum kwance tun safe."

Auta ya yi wata 'yar dariya. "Ni ba na son wata mota. Tawa nake so."

"Taka ɗin zan mayar otomatik. In sauke inji da giyabos, in ɗora mata na otomatik. Ka ba ni lokaci kaɗan, da ƙafarka za ka fitar da ita daga gareji."

Ranar Auta ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari. Matarsa ta raka Mai Giya bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi, tana cewa, "Allah ya saka da alheri, Yaya."

Ya zaga wajen masu sayar da kayan motocin da suka yi hatsari, har ya dace da irin motar Auta, 'yar otomatik, wadda aka murƙushe ta baya, gabanta kuwa lafiya lau. Aka sauke masa inji da giyabos, da sandar giya da wayoyi da duk tarkacen da ke tare da su. Masu sauke kayan ba su da lokacin bin ƙa'ida, sai suka fizge giyabos daga jikin inji don ya yi sauƙin ɗauka. A haka kayan suka iso gareji, inji daban, giyabos daban, ga wani ƙarfe mai nauyi, zagayayye, rufaffe ruf, maƙale a bayan injin. Masu aikin otomatik tukunya suke ce masa, don ya yi kama da ita. Mai ne a cikinta, kuma ita ke karɓar ƙarfin inji ta miƙa wa giyabos, wato ita ce a madadin kuloci.

A nan ne sanin Mai Giya ya yaudare shi. Kuloci a jikin inji ake fara ɗaure shi, sannan a turo giyabos ya shiga. Haka yake yi tun ba shi da gemu. Da ya ga tukunya ɗaure a bayan inji, daidai inda kuloci ke zama, sai ya ce ashe ma abin ba wuya, suna ne kawai ya bambanta. Ya ƙara matse notocinta, ya ɗaga giyabos da jak, ya saita, ya tura. Giyabos ya shiga, ya shiga, sai ya tsaya cak. Tsakanin bakinsa da jikin inji saura rata kamar kaurin yatsa. Ya jijjiga, ya ɗaga, ya sauke, ya juya injin da hannu, ratar nan tana nan daram. A giyar hannu ya sha ganin irin wannan, kuma yana da dabararsa: ya zura dogayen notoci ya riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan, nan da can, har su jawo giyabos ya haɗe. Ya ɗauko sifana. Notocin suka yi tauri fiye da yadda ya saba, ya sa ƙarfi. Can ciki ya ji wani ɗan sauti, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ratar ta rufe.

Ya ji sautin nan sarai. Ya tsaya da sifana a hannu yana saurare, sannan ya ce wa kansa wani abu ne ya faɗa mazauninsa, ya ci gaba da aiki.

Sauran aikin ya ci makonni. Ya ɗaga inji da giyabos da sarƙa ya zura su cikin motar, ya fasa wurin sabuwar sandar giya, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da idanunsa da suka fara rauni. Da ya kwance fedar kuloci ya daɗe riƙe da ita. Robarta ta cinye ta gefe ɗaya, daidai sawun ƙafar da yanzu babu ita. Ya kasa jefa ta cikin tarkace, ya tura ta ƙarƙashin tebur. Ranar da ya tayar da injin, ya tashi bugu ɗaya, yana kuka mai daɗi. Mai Giya ya kai hannu kan sandar giya zai gwada, sai ya janye. Ya yi alkawari Auta ne zai fitar da ita, to bari ya zama shi ne zai fara motsa ta. Bakanike da ya shekara yana zagin masu ba da mota ba gwaji, ga shi son ɗan'uwa ya sa shi ma ya yi.

Washegari aka kawo Auta a tasi, shi da matarsa. Ya sha wanka, ya sa sabuwar riga, takalminsa ɗaya yana ta ƙyalli. Masu faci da masu fenti na kusa suka taru suna yi masa barka. Ya miƙa wa matarsa sandunan da yake dogarawa, ya dafa ƙofa ya zauna a kujerarsa, ya gyara madubi ba tare da ya duba ba, kamar jiya ya fita daga ciki. Ya murza makulli, inji ya tashi. Ya taka birki, ya ja sandar giya zuwa ta tafiya yadda yayan ya nuna masa, ya ɗage ƙafa. Motar ba ta motsa ba. Ya taka totur kaɗan, ya ƙara takawa, inji ya yi ta ruri har kwanon rumfar yana amsawa, tayoyi kuwa ko gezau. Ya gwada ta baya, duk ɗaya.

Ya leƙo ta taga yana murmushi. "Yaya, ita ma an yanke mata ƙafar ne?"

Ba wanda ya yi dariya. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa ya tuna yana da aiki.

"Mai ne bai gama zagayawa ba," in ji Mai Giya, idonsa a ƙasa. "Ƙaramin abu ne."

Auta ya dube shi ɗan lokaci, sannan ya kashe injin, ya shafa sitiyari da tafin hannu. "Ba komai, Yaya. Ina nan, ai ba inda za ni."

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Mai Giya ya zubar da man giya ya zuba sabo, ya canza matacin mai, ya gyara igiyar sandar giya, ya sake bin wayoyi daga farko. Ya taɓa ko'ina ban da wurin da ya ji ƙas. Ya san wanda zai duba sau ɗaya ya faɗa masa gaskiya, wato Dogo, ya kuma san hanyar garejinsa. Har ya taɓa kama hanyar, ya hango allon sunan daga nesa, ya juya ya sayi abin da ba ya buƙata a wani shago ya dawo. Ya je ya ce me? Kwanaki suka yi ta wucewa a haka, kuma kwanakin nan ba nasa ba ne, na Auta ne yake ɓarnatarwa.

Matar Auta ce ta zo ta same shi wata hantsi. Ta tsaya a bakin rumfar, ta ƙi zama.

"Yaya, ba zuwa na yi in matsa maka ba. Ya ma hana in faɗa maka, ya ce kada hankalinka ya rabu biyu." Ta murza bakin mayafinta. "Babban yatsan ƙafar dama ya fara yin duhu. Likita ya ce a sa ido."

Mai Giya ya ajiye sifana. Ya wanke hannu da fetur, ya sake wankewa da sabulu, ya canza riga. A wannan karon bai tsaya a wani shago ba.

Dogo ya zama babban mutum, har furfura ta fara tsirowa a gemunsa. Yana hango tsohon maigidansa ya miƙe daga kan motar da yake dubawa, ya zo ya russuna.

"Maigida, da ka aiko ai da na zo."

"Ba maganar aike ba ce. Na zo ka koya mini."

Dogo ya sunkuyar da kai kamar shi ne ya yi laifin. Bai tambayi komai ba, ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya bi shi. Suka sauke giyabos tare. Da suka raba shi da inji, Dogo ya ga tukunyar ta tsaya a jikin injin, ya haska tocila cikin bakin giyabos, ya kwance wani faifai ya zaro abin da ke bayansa. Guntayen ƙarfe biyu suka faɗo a tafin hannunsa, kowanne bai fi ƙwayar wake ba.

"Maigida, a jikin inji ka bar ta, ka turo giyabos?"

"Kamar kuloci."

"To ita ba haka take ba. A cikin giyabos ake fara zaunar da ita, kuma hawa uku gare ta. Kana juyawa kana turawa, ta faɗa, ta ƙara faɗawa. A nan mutane ke ruɗuwa su ce ta zauna. Na ukun shi ne inda wuyanta ke kama kunnuwan famfon mai. In bai kama ba aka ja da noti, kunnuwan ne ke karyewa, ga su nan. Famfo kuwa in ya tsaya mai ba ya zagayawa, inji ya yi ta kuka mota tana tsaye."

"Na ji lokacin da suka karye," in ji Mai Giya.

Dogo ya dunƙule hannunsa. Ya zuba guntayen a aljihunsa don kada tsohon ya ci gaba da kallonsu.

Samun wani famfo ya zama aiki, domin motar ta tsufa, kayanta sun yi wuya. Dogo ya buga waya duk inda ya san mutum. Aka aiko da ɗaya, ashe na wata ƙirar ne. Aka aiko da wani, ya iso a tsage. Mai Giya ya ci gaba da zuwa gidan Auta da yamma, yana ganin bandeji yana hawa, daga yatsa ya rufe tafin ƙafa, daga nan ya kama idon sawu. Ba wanda ya taɓa zancen a cikinsu. Wata rana dai ya daure ya ce, "Ba mai ba ne, Auta. Ni na karya mata famfo da hannuna."

"Na sani tun ranar, fuskarka ta faɗa mini. Ka manta a hannunka na tashi?" Auta ya gyara matashi. "Ka je wajen Dogo?"

"Na je."

"To ashe rashin ƙafata ya yi rana."

Mai Giya ya so ya yi dariya don ya faranta masa, ta ƙi fitowa. A hanyar gida ya tsaya a gindin wani bango ya yi kuka, irin na tsofaffi, marar sauti.

Da famfon kirki ya samu, Dogo ya ɗaura shi, sannan ya ja da baya ya ce Maigida ne zai zaunar da tukunya da hannunsa. Suka tsayar da giyabos bakinsa yana kallon sama. Mai Giya ya zuba mai a tukunyar, ya shafa wa wuyanta, ya ɗaga ta da hannu biyu ya sauke a hankali yana juyawa. Ta faɗa. Ya juya, ta ƙara faɗawa. Duk jikinsa ya ba shi ta zauna, har ya ɗago kai, ya ga Dogo yana kallon wani wuri daban. Ya koma ya ci gaba da juyawa. Shiru. Ya ɗan ɗaga ta, ya karkaɗa, ya sake juyawa, sai ta nutse ƙasa da wani sauti mai nauyi, gum, har ta kusa matse masa yatsu. Dogo ya gitta miƙaƙƙen ƙarfe a bakin giyabos ya nuna masa yadda tukunyar ta shige can ciki. Suka kwantar da giyabos suka turo shi jikin inji, ya haɗe ruf da ƙarfin hannu kawai, ko noti ɗaya ba a sa ba. Mai Giya ya zura yatsa ta kafar ƙasa ya taɓa tukunyar, ta juya sumul, ya jawo ta kaɗan ta sadu da faifan inji, sannan ya ɗaure ta.

Sauƙin abin ne ya fi yi masa ciwo. Abin da ya cinye watanni, bai kai tsawon shan kofin shayi ba.

Wannan karon ya gwada. Motar ta taka gaba, ta taka baya. Da safe ya wanke ta da kansa, ya ja ta zuwa gidan Auta, ƙafarsa ta hagu tana ta neman abin takawa. Kafin ya kashe injin matar Auta ta fito, kuma bai ga farin ciki a fuskarta ba. Ta matso jikin taga ta rage murya.

"Tun wancan makon likita ya ce a kawo shi asibiti a kwantar, ba a jira. Ya ce ba inda za shi sai motarsa ta zo. Na yi kuka, na yi faɗa, ya ƙi."

"Har ina suka ce?"

Ta sa hannu ta nuna ƙasan gwiwarta. "Da a ce tun farko ne, sun ce da yatsun kawai za a cire." Tana faɗa ta kama bakinta, amma maganar ta riga ta fita. Ta juya ciki ɗauko jaka, wadda ashe ta daɗe a shirye.

Auta bai iya dogara sanda kuma, don haka yayansa ne ya goyo shi daga ɗaki. Ya yi sauƙin ɗauka ƙwarai, abin da ya tsorata Mai Giya. Da suka iso jikin motar ya nufi ɗaya gefen da shi, Auta ya ja masa kunne ta baya.

"Ina za ka kai ni? Alkawari muka yi."

Ya zaunar da shi a kujerar direba, ya zagaya ya zauna kusa da shi, matar ta shiga baya da jakar a cinya. Auta ya tayar da inji, ya saurara, ya gyaɗa kai. Ya ɗaga ƙafarsa mai bandeji da hannu biyu ya ɗora ta a kan birki, ya danna, ya sake dannawa, yana kallonta.

"Yaya, ba na jin komai. Na taka ko ban taka ba?"

"Ka taka. Ja giyar, sannan ka sauke ƙafar gefe. Ita da kanta take tafiya ko ba totur. Birkin hannu yana wajena."

Auta ya ja sandar, ya janye ƙafar. Motar ta motsa. Ta fara gangarawa cikin layin a hankali, tafiyar da mai tafiya a ƙasa zai iya wuce ta. Hannuwansa suka kwanta a kan sitiyari, ya kauce wa wani rami, ya kauce wa akuya, ya ɗaga wa mai shagon kwana hannu kamar yadda ya saba. Bayansa ya miƙe, fuskarsa ta dawo irin ta da. Layin ba shi da tsawo. Da suka kusa babban titi, inda motoci ke wucewa a guje, shi da kansa ya ce, "Ja, Yaya." Mai Giya ya ja birkin hannu, motar ta tsaya.

Injin ya ci gaba da aiki.

"Ko giya ta biyu ba ta shiga ba," in ji Auta.

"Ba ta samu gudu ba."

"To zo ka kai ta, in ji yadda take canzawa."

Mai Giya ya fito ya ɗauke shi, ya zagaya da shi ta gaban motar ya zaunar, ya gyara masa ƙafar. Ya hau titi ya taka totur. Motar ta shiga ta biyu, ta shiga ta uku, ba fizga ba ƙara. Auta ya jingina kai ya rufe ido, yana ɗaga yatsa duk sanda ta canza.

"Aikinka ya yi, Yaya."

Ƙofar asibitin ta bayyana a gabansu. Mai Giya ya gan ta, bai rage gudu ba, ya wuce. Can matar ta ce a hankali daga baya, "Yaya, mun wuce."

"Na gani."

Ya ci gaba har shataletalen gaba, ya zagaya shi ya dawo, don babu sauran inda zai je. Ya sa sigina, ya karya kan motar ya nufi ƙofar. Mai gadi ya ɗaga hannu a tsaya. Kafin ya kai ga birki ya ji motsi a gefensa, ya duba ƙasa. Idon Auta a rufe yake har yanzu, amma ƙafar nan mai bandeji ta ɗago da kanta, tana danna dandamalin motar a wurin da babu birki.